Birij: bakin da ya yi tayi, hannunsa ake matsewa

Saura katuna uku-uku a hannun kowa. Mutumin da ke zaune a Yamma yana riƙe da jak na daimon, da sarauniya da jak na fure. Duka ukun manya ne, kowannensu yana gadin wata ƙofa. Sai mai kwantiragi ya ajiye mashinsa na ƙarshe, irin da Yamma ba shi da ko ɗaya. Dole ya yar da kati. Yatsansa ya taɓa jak na daimon, ya koma kan na fure, ya sake dawowa. Ba rashin iya wasa ne ya tsayar da shi ba, iyawar ce ma ta nuna masa cewa duk wanda ya saki, a nan za a shigo masa. Wannan hali shi 'yan birij ke kira matsi. Sai dai matsin nan ba a wannan zagaye ya fara ba. Ya fara ne tun minti goma da suka wuce, lokacin da Yamma ya sa baki a gwanjo, kafin a ajiye kati ko ɗaya a tebur.

Birij wasan karta ne na mutum huɗu, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa: Arewa da Kudu ɓangare ɗaya, Gabas da Yamma ɗaya ɓangaren. Ana raba katuna 52, kowa ya samu 13. Iri huɗu ne: mashi ♠, zuciya ♥, daimon ♦ da fure ♣. A kowane zagaye kowa zai ajiye kati ɗaya, kuma tilas ka bi irin da aka fito da shi muddin kana da shi, babba ya ci. Idan ba ka da shi, ko ka yar da wani kati, ko ka danne da katin mulki, wato irin da aka tsayar cewa shi ke bisa sauran a wannan rabon. Gwanjo ne ke tsayar da irin mulkin da kuma yawan zagayen da za a ci. Zagaye shida na farko ba a ƙirga su a tayi, don haka wanda ya ce 1♠ ya yi alkawarin cin bakwai, mai 4♠ goma, mai 6♠ sha biyu cikin sha uku. Wanda tayinsu ya tsaya, ɗayansu ya zama mai kwantiragi, abokinsa ya shimfiɗa katunansa a fili kowa ya gani, wannan hannun shi za mu kira shimfiɗa. A gasa ba kuɗi ake zubawa ba. Rabon katuna iri ɗaya ake bugawa a tebura da yawa, sannan a kwatanta makin da kowa ya fitar daga hannu guda, don haka sa'ar rabo ba ta ceton kowa.

Tsarin makin da ya haifar da wasan yadda yake yau, Harold Vanderbilt, wani attajirin Amurka, ne ya tsara shi a 1925 cikin jirgin ruwa, a tafiyar da ta ratsa mashigin Panama. Abu biyu ya kawo da suka sauya komai. Na farko, babban lada sai ga wanda ya taya kuma ya cika, ba ga wanda ya ci zagaye da yawa a ɓoye bayan ƙaramin tayi ba. Na biyu, akwai lokacin da ɓangare ke cikin haɗari, ladansa ya ƙaru, tararsa ma ta ƙaru. A allon gasa ana nuna wannan da jan launi, don haka bari mu ce ɓangaren yana a ja, in ba haka ba yana a kore.

Daga nan duk rigimar tayin hamayya ta taso, domin lissafi ne tsagwaronsa. Idan abokan hamayya suna a ja suka taya 4♥ suka cika, maki 620 ne. Idan kai kana a kore ka taya 4♠ a kansu, suka ninka maka tara, faɗuwa da zagaye ɗaya 100 ne, biyu 300, uku 500, huɗu 800. Ka ga ke nan kana iya taya abin da ka san ba za ka cika ba, ka faɗi da uku, ka tashi da riba, tunda 500 bai kai 620 ba. Amma in ka zarce da ɗaya, ka sayi 800 don gudun 620. Idan launin ya juya, kai a ja su a kore, nasu 420 ne, naka kuwa 200 a faɗuwar farko, 500 a ta biyu, ƙofar ta ƙuntace ƙwarai. Har hukumomin wasan sai da suka sa hannu a wannan ma'auni. Kafin 1987, tarar mai kore tana hawa ne da 200 kawai bayan ta farko, 500, 700, 900, sai faɗuwar gangan a kan silam, wato tayin cin zagaye sha biyu ko duka sha uku, ta yi araha fiye da kima. A shekarar aka gyara, daga zagaye na huɗu kowace faɗuwa ta koma 300.

Ba don faɗuwar gangan kaɗai ake shiga gwanjon wasu ba. Ana shiga don a gaya wa aboki irin da zai fito da shi a zagayen farko. Ana shiga don a tura su su hau matakin da ya fi ƙarfinsu. Sannan ana shiga don cinye musu fili, wanda a ganina shi ne mafi zafi. Tayi 35 ne kacal a wasan, matakai bakwai, kowanne da matsayi biyar, iri huɗu da kuma babu-mulki, kuma dole kowane tayi ya zarce wanda ya gabace shi. Wanda ya buɗe gwanjo da 3♠ a kan dogon mashi guda bakwai da ƙaramin ƙarfi ya haɗiye 14 daga cikin 35 da kalma ɗaya. Mutum biyu masu manyan katuna, waɗanda da an bar su za su tattauna a tsanake su gano ko suna da silam, yanzu tayi uku suka rage musu kafin 4♥. Dole su yi hasashe, mai hasashe kuwa wata rana zai kuskure.

Tambayar da ke ci wa kowa rai ita ce: ina zan tsaya? Sun ce 3♥, in ce 3♠ ko in bar su? Wani Bafaranshe, Jean-René Vernes, ya bi diddigin ɗimbin hannuwan da aka buga a gasar duniya, ya lura da wani abu, ya wallafa shi a shekarun 1960. Idan ka ƙirga katunan mafi tsawon irin da Arewa da Kudu suka haɗa, ka tara da na mafi tsawon irin Gabas da Yamma, jimlar takan yi kusa da jimlar zagayen da ɓangarorin biyu za su ci, kowa in ya buga da nasa irin a matsayin mulki. Ba'amurke Larry Cohen ne ya yaɗa wannan da littafinsa na 1992, har ya zama ruwan dare. Daɗin abin shi ne bai damu da wa ke da sarki wa ke da as ba. Idan sarkin daimon yana inda zai amfane mu, mun ƙaru da zagaye ɗaya, su sun ragu da ɗaya, jimla tana nan.

Ga yadda yake aiki. Mu muna da mashi goma tsakaninmu, su zuciya tara, jimla 19. Suna a ja, muna a kore, sun taya 4♥. In za su ci goma, mu tara za mu ci a mashi, mu ba da 100 maimakon 620. In za su ci sha ɗaya, mu takwas, mu ba da 300 maimakon 650. In kuwa tara za su ci, wato da mun bar su da sun faɗi mun karɓi 100, to mu goma za mu ci, 420 namu. Ko ta ina aka juya, 4♠ ce daidai, kuma ba sai mun san wane hali ake ciki ba. Daga nan aka fitar da gajeriyar ƙa'ida: a hamayya, ka taya zagaye daidai yawan katunan mulkin da kuka haɗa. Takwas, mataki na biyu. Tara, na uku. Goma, na huɗu.

Ni ban ɗauke ta doka ba, duk da sunan doka da aka laƙaba mata. Mike Lawrence da Anders Wirgren sun yi mata raddi mai ƙarfi, suna nuna cewa sau da yawa jimlar tana kaucewa da ɗaya ko fiye, kuma gajerun iri da wurin da manyan katuna suka zauna sun fi tasiri fiye da yadda ake zato. Wanda ke da sarauniya da jak a irin abokan hamayya ya rage buri, domin katunan nan a tsaro suke ci, a kwantiraginsa ba su da amfani. Ɓangaren da ya dace a iri biyu kuwa ya ƙara buri. Amma a matsayin mizanin farko ga wanda ke da daƙiƙa goma ya yanke shawara, ban san abin da ya fi ta ba.

Akwai kuɗin shiga da wannan lissafi duka bai ƙirga ba. Dokokin birij sun haramta yarjejeniyar sirri tsakanin abokai. Duk ma'anar da tayinka ke ɗauke da ita, abokan hamayya suna da haƙƙin su tambaya a gaya musu dalla-dalla. Ba ka da hanyar raɗa wa abokinka magana, duk abin da ka gaya masa ka gaya wa tebur. Idan daga ƙarshe kwantiragin bai zama naku ba, abokinka ba abin da zai yi da labarin sosai, amma mai kwantiragi, wanda ke kallon katuna 26 yana neman sanin inda sauran 26 suke, ka ba shi fitila.

Duba mai buɗewa da 3♠ ɗin nan. Idan Arewa da Kudu suna da mashi huɗu tsakaninsu, shi yana da bakwai, abokinsa biyu. Gurbin da ya rage masa na sauran iri shida ne, abokinsa sha ɗaya. Sarauniyar da mai kwantiragi ke nema, da hamsin-hamsin ce, yanzu sha ɗaya bisa shida tana wajen abokin. Haka wanda ya buɗe gwanjo da tayin ɗaya. A ƙirgen da kowa ke amfani da shi, as maki 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, kartar duka 40, mai buɗewa kuma yakan riƙe 12 zuwa sama. Idan mu muna da 26, saura 14, kusan dukansu a hannu ɗaya. Mutum ɗaya da ke ɗauke da gadin ƙofa biyu kuwa, shi ne abincin matsi.

Ga cikakken rabo. Kudu da Arewa suna a ja.

Arewa: ♠ K 9 4 ♥ A 7 3 ♦ A 8 3 ♣ A 9 5 2
Kudu: ♠ A Q J 10 6 3 ♥ 8 4 ♦ K 6 5 ♣ K 4
Yamma: ♠ 5 ♥ J 2 ♦ Q J 10 9 4 ♣ Q J 10 8 6
Gabas: ♠ 8 7 2 ♥ K Q 10 9 6 5 ♦ 7 2 ♣ 7 3

A shi ne as, K sarki, Q sarauniya, J jak. Kudu ya buɗe da 1♠. Yamma ya tsallaka zuwa biyu babu-mulki, tayin da a yarjejeniyar da aka danganta ga Alvin Roth ba ya nufin abin da ya faɗa, yana nufin aƙalla biyar-biyar a daimon da fure. Arewa ya nuna goyon baya mai ƙarfi a mashi, Gabas da ba shi da abin so a iri biyun ya yi shiru, aka tsaya a 6♠. Yamma ya fito da sarauniyar daimon.

Kudu ya ƙirga abin da ke hannu: mashi shida, as na zuciya, as da sarkin daimon, as da sarkin fure. Sha ɗaya. Yana bukatar sha biyu. Ba wani dogon iri da zai raya, ba abin da zai danne a shimfiɗa. A zahiri zai rasa zuciya ɗaya da daimon ɗaya, ya faɗi. Amma ya ji gwanjo. Shi da shimfiɗa suna da daimon shida, Yamma biyar, saura biyu ga Gabas. Fure ma haka, shida da biyar, saura biyu. Ma'ana, bayan as da sarki sun wuce a kowanne, Gabas ba shi da ta cewa. Yamma kaɗai ke hana 8 na daimon ci, shi kaɗai ke hana 9 na fure ci.

Ya ci da as a shimfiɗa, ya ja mashi sau uku har na Gabas suka ƙare. Sannan ya yi abin da sabon ɗan wasa ba ya iya yi da son ransa: ya fito da 4 na zuciya, ya sa 3 daga shimfiɗa, ya bar Gabas ya ci, alhali as yana kwance a fili. Gabas ya dawo da daimon, Kudu ya ci da sarki, ya tafi as na zuciya, ya danne zuciya ta uku a hannunsa, ya ci sarkin fure, ya ja mashi na kusa da ƙarshe yana yar da 5 na fure daga shimfiɗa. Zagaye goma sun wuce. Kudu yana da mashi ɗaya, 6 na daimon, 4 na fure. Shimfiɗa tana da 8 na daimon, as da 9 na fure. Yamma kuwa shi ne mutumin nan da muka bari yatsansa na yawo, jak na daimon, sarauniya da jak na fure. Mashin ƙarshe ya sauka, kuma Yamma ne ke ajiyewa kafin shimfiɗa. In ya yar da jak na daimon, a yar da 9 na fure, 8 na daimon ya zama babba. In ya yar da jak na fure, a yar da 8 na daimon, as ya kayar da sarauniya, 9 ya ci zagaye na sha uku. Maki 1430, maimakon ba da 100.

Me ya sa aka ba da zuciyar nan tun da wuri? Nan ne zuciyar dabarar take, kuma nan mafi yawan mutane ke tuntuɓe. A ce Kudu ya ƙi bayarwa, ya ci as na zuciya kawai ya ci gaba da jan mashi. Lokacin da mashin ƙarshe zai sauka, katuna huɗu-huɗu ne a hannu maimakon uku-uku. Yamma yana da manyansa uku da wani kati na huɗu da ba ya gadin komai. Sai ya yar da wannan cikin kwanciyar hankali, mashi ya ƙare, matsi bai kama ba, Kudu ya rasa biyu. Matsi ba ya kama mutum sai ba shi da katin banza ko ɗaya. Zagayen da dole ka rasa, idan ka rasa shi da wuri, ya tafi da kati ɗaya daga hannun kowa, har da katin hutun wanda kake so ka matse. Ana ce wa wannan gyaran lissafi: ka kai matsayin da duk zagayen da suka rage naka ne in ban da ɗaya.

Clyde Love, malamin lissafi a Jami'ar Michigan, ya tattara sharuɗɗan a littafinsa na 1959, kuma har yau da su ake koyarwa. Mai tsaro ɗaya ya kasance yana gadin iri biyu. Abin da ya rage maka na asara ya zama ɗaya tak. Aƙalla ɗaya daga katunan barazanarka ya zauna a hannun da ke ajiyewa bayan wanda ake matsewa. Sannan akwai mashiga zuwa katin da zai rayu. A rabonmu as na fure ne mashigar, shi ya sa Kudu ya ci sarkin fure ya bar as har ƙarshe. Da ya ci as ɗin da wuri bayan daimon ma ya riga ya kwashe manyansa, Yamma zai yar da fure ba fargaba, domin 9 zai girma a inda ba mai iya isa gare shi. Sunan dabarar kansa, ana danganta shi ga Sidney Lenz, wanda ya aro kalmar daga wasan besbol, mutumin da ya kara da Ely Culbertson a shahararriyar gasar nan ta ƙarshen 1931 zuwa farkon 1932. Amma dabarar ta girme sunan, tun zamanin wist, wasan kartar da ya rigayi birij, ake yin ta.

Shaidar haka ita ce wata dabara mai sunan birnin Biyana, wadda aka sani tun ƙarni na 19. Saura katuna huɗu, fitowa daga shimfiɗa. Arewa yana da as da jak na daimon, as na zuciya shi kaɗai, da ƙaramin fure. Kudu yana da ƙaramin daimon, sarauniyar zuciya da ƙarama, da as na fure. Gabas yana da sarki da sarauniyar daimon, sarkin zuciya da ƙarama. Idan ka fara da fure, Gabas ya yar da ƙaramar zuciyarsa. Sarkinsa zai faɗi a ƙarƙashin as, gaskiya ne, amma kai kana can a shimfiɗa, ba hanyar komawa wajen sarauniyarka. Sai dai ka fara cin as na zuciya, da hannunka ka mai da sarkin Gabas mafi girma a irin, abin da ido ke gani kamar ɓarna. Sannan ka zo hannu da fure. Yanzu Gabas yana da uku, duka masu gadi, dole ya saki ɗaya, sarauniyarka kuma tana gefenka. Na daɗe ina jin wannan a matsayin mafi kyawun abu a wasan, domin sai ka ba abokin hamayya girma sannan girman ya zame masa kaya.

Daga nan reshe ya yi yawa: matsin da ke kama masu tsaro biyu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana gadin irinsa kuma dukansu suna gadin na uku, da matsin da ke tilasta mutum ya zubar da katunan fitarsa sannan a jefa masa zagaye ya fito da abin da zai cuce shi. Kowannensu yana bukatar ka san wa ke riƙe da me. Wannan shi ne abin da Yamma ya sayar a rabonmu. Da ya yi shiru, Kudu zai zauna da tambayoyi: in ajiye 7 na zuciya a matsayin barazana ko in danne shi? In danne fure ɗaya don gadin ya koma hannu guda? Daimon ɗin a hannun mutum ɗaya yake ko dukansu suna tsare shi? Kowace amsa tana kai ga tsarin wasa dabam, kuma wasu suna rushe wasu. Da tayin nan, tun kafin ya taɓa katin farko ya san ƙarshen wasan.

Masu tsaro ba a ɗaure suke ba. Mafi ƙarfin makaminsu shi ne ƙin karɓar kyauta. Idan mai silam ya miƙo maka zagaye da wuri ba dalili, ka tambayi kanka ko lissafi yake gyarawa. Sau da yawa mai as da ya ƙi ci a zagayen farko ya bar wa abokinsa katin hutun da zai cece shi. A rabonmu Gabas bai samu wannan dama ba, domin duk zuciyoyinsa sun fi 4 girma. Makami na biyu shi ne kai hari kan mashiga: ka fito da irin da as ɗin shimfiɗa yake tun kafin lokacinsa, ko da kana ganin kamar kana ba da wani abu. Na uku na ƙarfin hali ne. Wanda ya hango matsi tun saura zagaye shida, zai iya tsiraita sarkinsa da wuri, ya yar da ƙaramin da ke kare shi a lokacin da ba wanda ke zargi, ya bar mai kwantiragi ya yi hasashe a ƙarshe. Dogon tunani a zagaye na sha ɗaya yana tona asiri. Yin jinkirin ƙarya don ruɗar da mutum kuwa dokar wasa ta hana, kuma daidai ne da ta hana. Sannan akwai matsin da ba matsi ba, inda mai kwantiragi ke jan dogon irinsa kawai yana fatan wani ya yar da abin da bai kamata ba. Maganinsa abokai su riƙa nuna wa juna yawan katunansu ta tsarin ƙananan da suke ajiyewa, kowa ya san irin da aka bar masa gadi.

To Yamma ya yi kuskure ke nan? Ƙwararru da yawa za su yi tayin nan a kore kan masu ja, kuma suna da hujja. Da Gabas yana da fure huɗu ko biyar da gajeren mashi, sai su hau har 7♣ a kan silam. Faɗuwa da biyar 1100 ne, da shida 1400, duka ba su kai 1430 ba. Ko ba a kai nan ba, tsallen ya hana Arewa da Kudu fiye da mataki guda na tattaunawa. Abin da nake ƙi shi ne yin tayin don kawai hannu ya yi kama da hoton da ke cikin littafi. Tayin iri biyu ya fi kowane tayi tona asiri, katuna goma cikin sha uku yake bayyanawa, ya bar uku kawai a duhu, kuma da an ja mulki sau biyu su ma sun fito. Kafin in yi shi nakan duba abu uku. Ko akwai yiwuwar gaske kwantiragin ya zama namu, ko mu yi faɗuwar gangan mai riba? Idan abokina ya riga ya wuce bai buɗe ba, kuma nawa ƙarfin maki bakwai ne, na san hannun nasu ne, abin da ya rage shi ne ko zan dame su fiye da yadda zan taimake su. Sai launi: a ja ba na kusantar sa da irin wannan hannu. Sai kuma ingancin irin. Q J 10 9 4 yana jure ninki, ba kamar K 8 6 4 2 ba, amma irin waɗannan sarauniyoyi da jak su ne kuma ainihin katunan da ke zama masu gadin zagaye na uku, su ake matsewa. Hannun da ƙarfinsa as ne da ƙanana ba ya shiga wannan hali da sauƙi, domin as yana cin nasa ya tafi.

A wancan tebur, bayan an gama, Gabas ya jawo katunansa ya shimfiɗa su, ya nuna 7 da 2 na daimon, 7 da 3 na fure. Ya ce wa abokinsa, "Malam, ko da uku nake da su a ɗaya, ƙananan nan ba su kai 8 da 9 na shimfiɗa ba." Yamma ya duba, ya ga haka ne. Sai da Gabas zai riƙe daimon uku da 9 ko 10 a ciki sannan gadin ya rabu biyu, shi ya tsare daimon, Yamma ya riƙe furensa, mashin ƙarshe ya sauka a banza.